Abdulhadi Na Goggo, Mai Ƙofa Guda

Allah ne Ya ba da, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya yi wa Abdulhadi, ma'aikacin ɗakin karatu, ɗan garin Magariya, rasuwa a asibiti a Damagaram, bayan jinyar ciwon ƙoda da ta cinye masa damina guda. Yana da shekara arba'in da huɗu. A ranar aka kawo shi gida, aka yi masa sutura kafin magariba. Ya bar mata ɗaya da ƴaƴa uku.

Sunan nan da kuka karanta ba hannuna ne ya rubuta shi ba. Gurbi na bari, ƙanwarsa Nafissa ta cike. Ni ce Zahara'u, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko. Ni na haife shi, kuma shi ne ɗana na fari. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi a gaban mutane. Don haka na san abin da tsararrakina za su ce in aka karanta musu wannan takarda. Za su ce Zahara'u ta zubar da kunya da tsufanta. Ba zan musa musu ba. Ina rubutun nan ƙofar ɗakina a rufe, kuma ko motsin mutum na ji a tsakar gida sai in kife takardar.

Abokan aikinsa ne suka zo neman ƴan kalmomi da za su sa a shafin farko na aikin da ya bari. Wurin Goggo Ladi suka durƙusa, yayar mahaifinsa, wadda ta rene shi, domin ita ke karɓar gaisuwa. Ta saurare su har suka gama, sannan ta juyo inda nake.

"Ni na goya shi, amma ban san baƙi ba," in ji ta. "Ke kika koya wa rabin garin nan rubutu. Tashi ki rubuta."

Na ce, "Yaya, a bar wa Nafissa."

Ta ce, "Ba shawara nake ba ki ba."

To, ga ni, na Goggo. Haka nake ambaton ka in dole ta kama, kuma da haka zan kira ka a nan.

Ranar da aka cire ka daga nono, Goggo ta zo daga Mallawa, ta goya ka ta tafi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ban raka ku ko bakin zaure ba. Ina cikin madafa ina hura wutar da ta riga ta kama. Ba ka dawo gidan nan ba sai da ka isa shiga lakwal, mahaifinka ya ce a Magariya za ka yi karatu. A shekararka ta uku ka faɗo ajina. Kowace safiya ina kiran suna, naka kuwa layi ne da ba ni da ikon furta ko rabinsa: sunanka a gaba, na mahaifinka a baya. In na iso wurin sai in yi shiru, in ƙwanƙwasa tebur da alli, kai kuma ka amsa daga can baya. Ba wanda ya koya maka. Yara suka yi dariyarsu har suka gaji suka bari. Tun daga ajin nan kake ce mini Madam kamar sauran ɗalibai, kuma ba ka sake ba har ka koma ga Allah.

Aikin da ka zaɓa mutane da yawa ba su gane shi ba. Da ka gama karatu a Yamai ka kama aiki a wani ɗakin karatu a Damagaram, na sha jin ana cewa, wai duk wannan boko, gadin littattafai zai yi? Da ka nemi a maido ka gida kuma aka ce ai Magariya ba ta da littattafan da za a yi gadi. Kai ka san ba haka ba ne. Littattafai suna nan: a lise, wato babbar sakandare, a kwalejoji, a ɗakin karatun matasa, a ofishin noma, a gidan likita, a gafakar malamai. Abin da babu shi ne wanda ya san me ke ina. Ɗalibi zai biya mota zuwa Damagaram neman littafin da ke kulle cikin akwati a Dungas, kusa da gidan ubansa. Ya koma intanet kuma, rezo na zuwa yana ɗaukewa, ya buɗe wannan shafi, ya rufe, ya buɗe wancan, kowanne da tasa hanyar tambaya, har cajin wayarsa ya ƙare bai sami komai ba.

Sai ka ce a yi wa dukkansu mashiga ɗaya. Kai da wasu abokanka biyu da suka san aikin ordinater, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuka haɗa abin da kuka sa wa suna Ƙofa Guda. Mutum ya buɗe a wayarsa, ya rubuta kalma ɗaya a gurbi ɗaya, sai amsa ta fito a jere: ga littafi a kan kanta a lisen Magariya, ga wani a Dungas, ga kundin kammala karatu na wani ɗalibi a jami'a, ga maƙala kyauta a intanet, ga abin da manyan ɗakunan karatu na ƙasashen waje suka ɗauki hotonsa suka sa don kowa ya karanta. Faɗarsa ba wuya. Yinsa ya ci maka shekaru, ya ci maka babur biyu. Sai da ka taka kowane wuri da ƙafarka, ka sauke littattafai ɗaya bayan ɗaya, ka kaɗe ƙura da kashin ɓera, ka shigar da sunan kowanne.

Ba ko'ina aka yi maka maraba ba. Mushe Ɗalha, kamar yadda muke kiran malaman lakwal maza, wanda ya daɗe yana daraktan wata makarantar ƙauye, ya zo gaisuwa ya ba da labarinsa da bakinsa, ya kuma ce in rubuta. Ya ce duk zuwan da ka yi sai ya ce maka makullin akwatin littattafai ya ɓata. Makulli kuwa yana aljihunsa. Tsoro yake ji, domin ruwa ya shiga ɗakin wata damina, gara ta gama da saura, kusan rabin littattafan da ya gada babu su, ga shi ya kusa ajiye aiki. Rannan ka same shi shi kaɗai a gindin itacen bedi, ka zauna kusa da shi, ka ce, "Mushe, ni abin da ke nan nake rubutawa. Abin da ba ya nan ba aikina ba ne." Ya ce sai ya sa hannu a aljihu. Har ka rasu ba wanda ya ji wannan zance daga bakinka.

Abin da ya fi ba ka wahala shi ne rubutun sunaye da kalmomi. Garin nan kaɗai ana rubuta shi Magariya, ana rubuta shi Magaria. Sassumbrum tana da rubutu uku ko huɗu. Mu muna rubuta ƴaƴa, ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka suna rubuta 'ya'ya. Wanda ya nemi gyaɗa ba zai ga littafin da aka shigar da gyada ba, balle wanda aka shigar da Faransanci, balle na ajami. Na'ura ba ta san duk abu ɗaya ba ne sai an gaya mata, kuma kai ka zauna kana gaya mata, kalma bayan kalma. A lokacin ne Nafissa ta riƙa zuwa mini da wasu tambayoyi da ba su yi kama da ita ba. "Inna, me tsofaffi ke ce wa ciwon da ke kama yaro in haƙori zai fito? Inna, ban da yaye, da wace kalma ake faɗar cire yaro daga nono?" Yarinyar da ba ta taɓa damuwa da zancen tsofaffi ba. Na san wanda ya aiko ta, ita ma ta san na sani. Nakan ba ta amsa ina tankaɗe, in na tuna wata kalma bayan ta tafi in aika mata. Haka muka yi aiki tare, ni da kai, shekara da shekaru, ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba.

Sauran alherinka daga bakin mutane na tsince shi, a gidan suna da gidan biki, ina yi kamar ba na ji. A nan na ji cewa waɗanda ba su iya karatu ba ma suna zuwa ofishinka, ka nemo musu, ka karanta musu da Hausa. A nan na ji labarin Bappa Manu na wajen Sassumbrum, wanda ƙwari suka cinye masa wake shekara biyu a jere, ka nemo masa bayanin yadda ake ajiyarsa, ka bi shi har gida ranar kasuwa ka ga ko ya ɗaure buhunan daidai. In mata suka fara irin wannan zance suna satar kallona, sai in tashi in ce zan duba tukunya, ko da ba gidana ba ne.

Sai ranar da aka buɗe Ƙofa Guda a gaban jama'a, a zauren meri, ofishin magajin gari, shekara uku da suka wuce. An gayyaci tsofaffin malamai, ba yadda zan ƙi zuwa, na zauna can baya cikin mata. Perefe mai mulkin yankinmu yana nan, magajin gari yana nan, daraktoci sun zo daga Dungas da Mallawa. An haska majigi a bango, kana tsaye da abin magana a hannu. Ka yi bayani, sannan ka ce wani ya ba da kalma a gwada, kowace iri. Wata ungozomar likita mai suna Juwairiyya ta miƙe ta ce a nemo mata yaye, domin tana fama da yara masu ramewa bayan an cire su daga nono, kuma ba ta da abin karanta wa iyayensu da Hausa.

Ka rubuta. Amsa ta fito, kana karantawa da ƙarfi. Na farko littafin Faransanci ne a Dungas. Na biyu kundin wata ɗaliba a Damagaram. Na uku maƙala a intanet. Ka fara na huɗu: wani ɗan littafin Hausa na yaƙi da jahilci, an buga shi a 1983, yana ajiye a wani ɗakin karatu a ƙasar Turai, sun ɗauki hotonsa shafi-shafi. Ka karanta sunan littafin. Ka iso sunan mai rubutawa, sai muryarka ta tsaya.

Sunana ne a bangon, da manyan baƙaƙe, haɗe da na mahaifinka yadda Turawa ke rubutawa.

Ni kaina na manta da littafin nan, ko in ce na ajiye shi inda ba na dubawa. An tura mu wani horo a Damagaram ƴan watanni bayan Goggo ta tafi da kai, aka ce kowace malama ta rubuta ɗan abin da matan ƙauye za su karanta. Wasu suka rubuta kan sabulu, wasu kan rijiya. Ni abin da ke raina ke nan, shi na rubuta. Baƙin da suka shirya horon suka tafi da nasu, nawa gara ta ci, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Su can da Faransanci suka shigar da shi. Kalmomin da nake ba Nafissa ina tankaɗe, su suka jawo shi har bangon meri.

Wani abokin aikinka ya karɓi abin magana ya karanta sunan. Wasu suka fara tafi, kawuna suka juyo baya ana nemana. Juwairiyya baƙuwa ce a garin, ba ta san tsakaninmu ba, ta ce a buɗe mata shafin farko. Aka buɗe. Zanen mace ne da yaro a cinya, a ƙarƙashi an rubuta: "Uwa, ranar yaye kada ki yi nisa da ɗanki. In ya yi kuka ki ɗauke shi, kada ki ji kunyar kowa."

A zauren nan akwai tsofaffin da suka ga ranar da aka goya ka aka yi Mallawa da kai. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na ja mayafi na rufe fuskata, na bi ta bayan kujeru na fita, na bar takalmina ɗaya a ƙarƙashin benci. Nafissa ta ce mini kai ma ba ka ƙara ɗaga kai ba har aka tashi, kuma ranar ce farkon ganinka da littafin.

Ranar Juma'a ka zo gaisuwa kamar yadda ka saba. Ka tsuguna a bakin ƙofa, ina ciki na ba ƙofar gefe. Muka gaisa. Na zaci za ka tashi, sai ka ce, "Madam, littafin nan na rannan. Sun rubuta sunan mai shi ba daidai ba, sun sa Zara. Yaya za a gyara?"

Na ce, "A rubuta yadda ubanta ya raɗa mata."

Ka ce, "To." Sannan ka ce, "Littafin yana da kyau."

Na ce, "Rana ta yi, kada ka rasa sahu."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kai ke nan. Daga baya na ji ka rubuta wa mutanen can sun gyara sunan, ka kuma sa an buga wa Juwairiyya littafin, ana karanta wa mata a wurin awon yara har cikin ƙauyukan Dungas. Na yi wata guda ban je kasuwa ba.

Ban zo nan don in zargi al'ada ba, ban kuma zo neman a ce na yi daidai ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka aka yi da mahaifinka. Kai ma ba ka taɓa nuna mini kana neman wani abu daban ba. Abin da na sani kawai shi ne ka fi ni iya ɗaukar kunyar nan, domin kai kana yin ta ne don ka sauƙaƙa mini.

Da ciwo ya yi tsanani aka kwantar da kai a Damagaram, na bi ku. Matarka Mariya da Goggo suna ciki, ni ina waje a inuwa tare da sauran masu jinya, ina karɓar kwanon abinci ina miƙawa. Ranar Litinin da hantsi Goggo ta fito tana dogara sanda, ta ce Mariya ta tafi sayen magani. "Shiga, Zahara'u. Ba kowa. Ni ina nan bakin ƙofa."

Na shiga. Ka kumbura har na so in kasa gane ka. Na tsaya wajen ƙafafunka na ce sannu, ka ce, "Yauwa, Madam." Mayafin ya zame, ƙafarka ɗaya a waje, na kai hannu in rufe ta. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga na riƙe diddigenka. Yana da kaushi da tsaga irin na mahaifinka. Rabona da taɓa jikinka tun kana shan nono. Na ɗago, muka haɗa ido, sai ka lumshe naka ka juya fuska wajen bango kamar barci ya ɗauke ka. Na san ba barci kake ba. Ka bar ni na riƙe har iyakar yadda nake so, ba mai kallona, har da kai. Washegari Allah Ya karɓe ka.

Abokan aikinka sun ce Ƙofa Guda ba za ta rufe ba, sun raba aikin a tsakaninsu. Sun ce akwai makarantu a yankin Dungas da ba ka kai gare su ba, akwai kuma malamai masu gafaka da suka yi maka alkawari ba a cika ba. Ina roƙon waɗannan bayin Allah, in yaran nan suka zo muku, ku buɗe musu. Ba za su ɗauki komai ba, ba kuma za su tambayi abin da ya ɓata ba. Haka na Goggo ya koya musu.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ya rufa asirin mutane a duniya, Ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Duk wanda ya nemi ilimi ya samu ta hanyar aikinsa, Ka kai masa ladan inda yake kwance. Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna Firdausi.

Ina yi wa Mariya ta'aziyya, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki Illa da ƙannensa, Ya sa su gaji halin ubansu. Ina yi wa Nafissa da sauran ƙannensa, da abokan aikinsa, da ɗalibai da malaman Magariya da Dungas da Mallawa da Sassumbrum, da duk wanda ya taka ya zo ko ya aiko.

Ta'aziyyata ta ƙarshe ga Goggo Ladi ce, uwarsa da duniya ta sani. Yaya, ke kika yi rashi, Allah Ya ba ki dangana, Ya saka miki da abin da ba ni da bakin biya. Tun ranar jana'iza ba ta koma Mallawa ba, a ɗakina take kwana. Kullum da hantsi in masu gaisuwa suka ragu sai ta jawo tabarma kusa da ni, ta kama ba da labarin shekarun da ya yi a hannunta, tun daga ranar da ta sauke shi daga bayanta. Ba ta duba na, kaji take kallo tana magana. Ta faɗi yadda ya ƙi kunu sai da aka sa tsamiya, da yadda yake tsoron jaki, da sunan da ya raɗa wa akuyarta. Jiya mun kai shekarar da ya yi ƙyanda. Ban taɓa tambayar ta ba, ban kuma ce ta bari ba. Ina tsinkar zogale ina saurare.

Allah Ya jiƙan na Goggo. Mu da muka saura, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.